INUWAR GIGINYA: Zaman Lafiya A Ƙarƙashin Manyan Dauloli, Daga Rum Har Zuwa Yola

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk Bahaushen da ke zaune a Yola ko Jimeta yau, in ka bi salsalarsa za ka tarar akwai wani kaka da ya ɗaura wa jaki mangala, ko ya hau kwalekwale, ko ya shiga bayan babbar mota, ya baro Kano ko Katsina ko Zazzau ko Haɗejiya, ya nufo gabas. Shi kuwa falke ba ya fita sai ya ji labarin hanya. In an ce masa hanya ta yi kyau ya tashi, in an ce ta ɓaci ya kwance kaya ya jira. Saboda haka tarihin zuwanmu ƙasar nan a ɗaure yake da tambaya guda, watau wane ne ya tsare hanya a wancan zamani, kuma me ya karɓa a madadin tsarewar?

Masana tarihi sun lura cewa a kan sami wani zamani da daula ɗaya za ta fi kowa ƙarfi, har sauran sarakuna su ji tsoron ta da fitina, sai ƙura ta lafa na tsawon shekaru, kasuwanci ya bunƙasa. Sukan sa wa irin wannan zamani sunan daular, su ce Zaman Lafiyar Rumawa, ko na Ingilishi, ko na Amurka. Mu ma nan Adamawa mun ga irinsa har sau biyu. Abin da muke so mu duba shi ne, wa ya sha wannan inuwa, wa rana ta doka, kuma me ya rage a hannun baƙo bayan mai ƙarfin ya kau.

ABIN DA YA FARU A WASU ƘASASHE

Wanda aka fi ambata shi ne na Rumawa. Ya fara daga Sarki Agustus, shekara 27 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kai shekara ta 180 bayan haihuwarsa, watau kimanin shekara 200 ke nan. A cikin wannan lokaci duk gaɓar Bahar Rum, tun daga Sham da Masar har Andalus, a hannun hukuma ɗaya take. Sun shimfiɗa hanyoyi na dutse waɗanda har gobe ana ganin sauransu, jiragen ruwa suna ɗauko alkama daga Masar suna ciyar da birnin Rum, kuɗi iri ɗaya ke yawo daga wannan kasuwa zuwa waccan. Amma a tsakiyar wannan zaman lafiya ne, cikin shekara ta 70, rundunarsu ta rushe Baitul Muƙaddas, ta kwashe mutanen garin bayi. Wanda ya yi biyayya ya biya haraji ya kwana lafiya, wanda ya ɗaga kai aka murƙushe shi.

A ɓangaren Musulmi, Abbasawa sun gina Bagadaza cikin 762, kuma a zamanin Haruna Rashidu, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ɗan kasuwa yakan tashi daga Basra ya kai Indiya har Sin. Matarsa Zubaida ta kashe dukiya mai yawa wajen haƙa rijiyoyi da gina tafkuna a kan hanyar mahajjata daga Kufa zuwa Makka, har hanyar ta ci sunanta. To, da ƙarfin halifofin ya ragu, a cikin 930 Ƙaramiɗawa suka shiga Makka lokacin aikin Hajji, suka karkashe alhazai, suka ciro Hajarul Aswad suka tafi da shi, ya yi shekara ashirin da 'yan kai a hannunsu. Rijiyoyin Zubaida suna nan, amma mai tsaron hanyar ya yi rauni.

Na Mangol, waɗanda littattafanmu ke kira Tatar, shi ya fi ban mamaki. Su ne suka ƙona Bagadaza cikin 1258, suka kashe halifa. Amma bayan sun gama ɓarna sai ga shi hanya ta buɗe tun daga Sin har bakin Turai, ayari yana tafiya wata da watanni ƙarƙashin tsaronsu. Daga baya kuma ta waɗannan hanyoyi ne annoba ta bi ta isa Turai da Masar wajen 1347, ta hallaka jama'a ba adadi.

Kusa da mu, matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ziyarci daular Mali cikin 1352, kuma daga abin da ya fi yabawa har da amincin hanya da yadda ba a taɓa dukiyar baƙo in ya rasu a can. Songhai ta gaji Mali, Askiya Muhammadu ya hau cikin 1493 ya ƙara faɗaɗa ta. Da sojojin Maroko suka zo da bindiga cikin 1591 suka karya Songhai a Tondibi, sai hanyoyin Tumbutu da Gawo suka lalace, malamai da fatake suka watsu neman wata inuwar.

INUWAR SAKKWATO DA FOMBINA

Kafin jihadi sarakunan Hausa ba su rabuwa da yaƙi a tsakaninsu: yau Gobir da Zamfara, gobe Katsina da Kano. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, aka kafa Sakkwato cikin 1809. Daga nan ƙasa mai faɗin gaske ta koma ƙarƙashin Sarkin Musulmi ɗaya, da shari'a ɗaya ta mazhabar Malikiyya. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'anarsa ita ce, bashin da aka ƙulla a Kurmi ana iya kai ƙararsa gaban alƙalin Yola, a buɗe littafi iri ɗaya a yanke hukunci. Takardar da sarki ya buga wa hatimi a can, ana girmama ta a nan.

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu domin wannan yanki da Fulani ke kira Fombina, watau kudu. Ya zauna a Gurin a bakin kogin Faro, ya koma Ribaɗu, sa'an nan ya kafa Yola cikin 1841. 'Ya'yansa suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Lawal daga 1847, Sanda daga 1872, Zubairu daga 1890. A ƙarƙashin Yola akwai manyan lamɓe irin su na Garwa da Marwa da Rai Buba da Ngaundare da Tibati da Banyo da Koncha, kowanne da ƙasarsa da mayaƙansa.

A wannan zamani ne kakanninmu suka fara kwararowa. Ayari yakan taso daga Kano da madugu a kan gaba wajen shawara, jagaba yana duba hanya, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin fito da gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Su biyo ta Bauchi ko ta Gombe, su yada zango a Yola, a sauke su gidan fatoma, dillali ya shiga tsakani. Kayan da suke kawowa su ne turkuɗi da riguna da rawuna na marinar Kano, da kayan doki, da takubba, da duwatsun wuya, da kanwa ta Barno. Abin da suke nema ya fi yawa a kudu, wajen Ngaundare da Tibati da Banyo, watau hauren giwa, da goro mai fitowa daga duwatsun ƙasar Bamum. A nan ƙasar ma ba wuri kaɗai ake ciniki da shi ba, akwai ƙyallen saƙa da ake kira leppi wanda ya zama kamar kuɗi a hannun jama'a. Ɗaya daga cikin madugan wannan hanya, Madugu Muhammadu Mai Gashin Baki, shi ya yi wa Bajamushen nan Flegel jagora zuwa Adamawa, har suka tafi tare birnin Balin cikin 1884, aka rubuta labarin rayuwarsa da Hausa.

To amma fa a nan ne ya kamata mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha ta. Wannan aminci da falke ya samu daga Kano zuwa Yola, mutanen da ke gindin bishiyar ba su same shi ba. Bata da Bere da Chamba da Mbum da Baya da sauran ƙabilun ƙasar, da yawansu sun sha hari shekara da shekaru, wasu suka haye duwatsu suka bar gonakinsu na kwari. Cikin kayan da ayari ke komawa da su gida har da bayi, kuma cikin gaisuwar da Yola ke aikawa Sakkwato har da bayi. Kalmar rumde da muke ji a sunan unguwa da ƙauyuka, ita ce rinji da Hausa, watau ƙauyen da ake zaunar da bayi su yi noma. Jikokin waɗanda aka kai wa harin nan su ne maƙwabtanmu yau a kasuwa da ofis da layin asibiti, kuma kakanninsu sun ba su labari kamar yadda namu suka ba mu. In mun ji wani ya yi magana mai ɗaci a kan wancan zamani, mu san inda ta samo asali.

Shi kansa amincin bai cika ko'ina ba. Ningawa sun addabi hanyar Bauchi, Maraɗi ba ta taɓa miƙa wuya ba. Tsakanin Yola da Barno ma akwai 'yar tsama a kan iyaka, shi ya sa da Baturen nan Barth ya iso Yola cikin 1851 ɗauke da takardar Shehun Barno, Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba, bayan 'yan kwanaki ya sallame shi. Zuwa ƙarshen ƙarnin kuwa igiya ta fara tsinkewa ta ko'ina. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya kafa sansani a Balda yana kiran Mahadiyya, har ya gwabza da Lamiɗo Zubairu. Rabe ya ci Barno cikin 1893. A wannan shekara kuma basasa ta ɓarke a Kano tsakanin Tukur da Yusufawa. Falke ya rasa inda zai sa ƙafa.

INUWAR TURAWA

Tun daga 1815, da aka karya Nafoliyon na Faransa, Ingila ta zama mai faɗa a ji a tekunan duniya, har zuwa 1914. Wannan shi ake kira Zaman Lafiyar Ingilishi. A cikinsa manyan ƙasashen Turai ba su yi yaƙin da ya game su duka ba. Amma a cikinsa ne aka yi wa Legas ruwan igwa cikin 1851, aka tilasta wa Sin buɗe kasuwarta da bakin bindiga, aka zauna a Balin cikin 1884 da 1885 aka shata ƙa'idar rabon Afirka.

Mu ta ruwa suka zo mana. Kamfanin Neja, wanda ya sami takardar izinin mulki daga Ingila cikin 1886, ya girke jirginsa a kan Binuwai kusa da Yola yana saye da sayarwa daga cikinsa, don Lamiɗo bai sakar masa fuska ya yi gini yadda yake so a tudu ba. Faransawa ma suka aiko nasu, wani hafsa mai suna Mizon, wanda ya bar wa Zubairu igwa biyu. Cikin 1893 Ingila da Jamus suka zauna can ƙasarsu suka ja layi a kan taswira: garin Yola da ɗan abin da ke kewaye da shi na Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina na Jamus. An raba kai da gangar jiki, mai ƙasa bai sani ba.

Ran 2 ga Satumba 1901 Kanar Morland ya iso da jiragen ruwa da sojoji, aka yi ɗauki ba daɗi a fada da masallaci, Yola ta faɗi. Wani abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, sojojin da Turawa suka ci ƙasar nan da su baƙar fata ne, kuma da Hausa ake ba su umarni. Zubairu ya fita, ya sake karawa da Jamusawa a Garwa da Marwa, daga bisani aka kashe shi a ƙasar Lala cikin 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. Turawa suka naɗa ƙanensa Bobbo Ahmadu.

Me wannan sabon zamani ya kawo? Ba mu ƙi gaskiya ba, ya kawo abubuwa. An hana harin bayi, an ce duk yaron da aka haifa bayan 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da yake ba a kashe bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Mutanen da suka haye duwatsu suka fara saukowa. Mutum ɗaya da jakinsa yana iya tafiya inda da sai ayari na ɗaruruwa. Wannan shi ya buɗe wa ƙaramin ɗan koli da mahauci da ɗinki da almajiri ƙofa, ba sai mai babban jari ba. Jimeta, da yake ita ce a bakin ruwa, ta zama tashar jirage da mazaunin Razdan, kamfanoni irin su John Holt da UAC suka kafa kanti. Da damina ta yi nisa kogi ya cika, jirage su hauro daga Burutu da gishiri da atamfa da kananzir, su koma da gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga. Kafin ruwa ya janye dole a gama lodi, don haka 'yan dako da 'yan baranda da masu abinci suka yi ta tahowa. Ka dubi sunayen unguwannin Jimeta irin su Limawa da Alƙalawa da Gwadabawa da Yalwa, ka ji harshen da ke cikinsu. Wasu 'yan'uwanmu ma suka zarce cikin ƙasar Jamus, suka bi cinikin roba da shanu har Yawunde da Duwala, inda unguwannin Hausawa suke har yau.

Sai dai kowane alheri da kuɗinsa. Da farko Lugga ya ɗora wa ayari harajin hanya, aka yi ta kuka har aka soke shi cikin 1907. Aka ce haraji da jangali sai da kuɗin Bature, wurin da mutum ya tara shekara da shekaru ya zama tarkace. Babban ciniki, watau fitar da kaya waje da shigo da su, ya koma hannun kamfanoni, su ke yanka farashi, Bahaushe ya zama yaron kanti mai karɓar bashin kaya. Atamfar Manchesta ta rage wa masaƙa da marina kasuwa. Hanyar Garwa da Banyo, wadda kakanninmu ke bi ba mai tambayarsu, aka kafa mata shingen kwastan. A can gefen duwatsun Mandara ma harin bai tsaya nan da nan ba, don Hamman Yaji na Madagali ya ci gaba da shi shekaru da dama, har ya bar littafin da yake rubuta abin da ya kamo, sai cikin 1927 aka tuɓe shi.

Sa'an nan masu tsaron zaman lafiyar suka kaure da yaƙi a tsakaninsu. Cikin Agusta 1914 sojojin Ingila suka tashi daga Yola suka afka wa Garwa, Jamusawa suka kore su da hasara mai yawa, mutanen Yola suka kwana cikin zullumi. Garwa ba ta faɗi ba sai Yuni 1915. Rigimar da aka ƙulla a Turai, wadda ba mu san kanta ba balle gindinta, ta zo ta rufe mana kasuwa. A yaƙi na biyu kuma aka ɗebi samarin Arewa zuwa Bama, aka tilasta wa wasu haƙar kuza a Jos. Bayan yaƙin Ingila ta gaji, aljihunta ya huje, cikin 1960 ta naɗe tutarta. Layin da suka ja kuwa yana nan, sai ɗan gyaran da ƙuri'ar 1961 ta yi, wadda ta dawo da Mubi da Ganye da Gashaka cikin Nijeriya. Garwa da Marwa da Ngaundare suka tsaya a Kamaru.

ZAMANIN DA MUKA BUƊE IDO A CIKINSA

Daga 1945 aka shiga abin da ake kira Zaman Lafiyar Amurka. Manyan ƙasashe ba su sake gwabzawa kai tsaye ba, jiragen ruwa suna yawo da kwantena, dala ta zama ma'aunin ciniki, har mai shago a Jimeta yana sayar da kayan Sin da Dubai. Amma mutanen Biyetnam da Iraƙi da Afganistan suna da nasu labarin. Da aka kifar da Gaddafi cikin 2011, makaman Libiya suka bazu cikin Sahara, mu da ke nesa muka ji a jikinmu.

Mu nan gida hukumar da ta gaji Turawa ita ce gwamnatin Nijeriya. Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola cikin 1976, ta zama ta Adamawa cikin 1991. Kwalta ta maye gurbin kogi, musamman bayan da Kamaru ta gama madatsar Lagdo cikin 1982, jirage suka daina zuwa, tashar ruwa ta mutu. Amma shin ƙarfin hukuma ya hana mu ganin tashin hankali? A ƙarshen Fabrairu 1984, lokacin da yawancinmu muna samari, 'yan Tatsine ƙarƙashin Musa Makaniki suka ta da fitina a Jimeta. Sai da soja suka shigo da manyan bindigogi, ɗaruruwan rayuka suka salwanta, kasuwa ta ƙone, dubban mutane suka bar gidajensu. Numan ta ga nata rikicin cikin 2003 da 2004. Cikin Oktoba 2014 Boko Haram suka kama Mubi, gari na biyu a jihar nan, jama'a suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa. Cikin 2015 kaɗai bam ya tashi a kasuwar Jimeta, ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu, ya sake tashi cikin Nuwamba a wajen 'yan kayan gwari.

To a wannan lokaci wa ya riƙe garin? Soja sun yi nasu, maharba da 'yan banga sun taimaka aka ƙwato Mubi. Amma mafi yawan 'yan gudun hijira ba a sansanin gwamnati suka kwana ba, a gidajen mutane suka kwana. Magidanci mai ɗaki uku ya sauke mutum ashirin, ba duka ne danginsa ba. Masallatai sun ciyar, majami'u sun ciyar. Cocin Katolika ta Santa Tariza a Jimeta ta cika da jama'a, kuma Bishop Stephen Mamza da ya gina wa waɗanda suka rasa matsuguni gidaje, har masallaci ya gina wa Musulmin cikinsu. Malamai da limaman Kirista da 'yan kasuwa suka zauna tebur ɗaya da mutanen jami'ar Amurka ta Yola suna rabon abinci. Ba wata babbar daular duniya da ta aiko aka yi wannan.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Allah Maɗaukaki ya tuna wa Ƙuraishawa, waɗanda su ma fatake ne masu tafiyar hunturu da ta bazara, ni'imomi biyu: ƙoshi bayan yunwa da aminci bayan tsoro. Ya kuma nuna musu cewa daga gare Shi suke, ba daga Rum ko Farisa da suke ciniki da su ba. Mun ga Sakkwato ta tsare hanya kusan shekara ɗari, Ingila ta riƙe ƙasar nan shekara 59, kowacce ta tafi. Kayan aro ba ya rufe katara. Mai ƙarfi yana tsare hanya ne muddin akwai ribarsa a ciki, ran da lissafinsa ya canja sai ya rufe ta, kamar yadda muka gani da aka garƙame iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, masu harkar Garwa suka zauna hannu rabbana.

Abin da ya zaunar da kakanninmu a nan bayan tutoci sun sauka shi ne amanar da suka ƙulla da mutanen da suka tarar. Sun auri 'ya'yan gari, sun ba da nasu. Sun koyi Fillanci, wasu har da Batanci. Sun kai gaisuwa fadar Lamiɗo, sun san iyakarsu a sha'anin sarauta. Manomin Bere ko na Chamba da ya kawo dawa kasuwa ya san mudun wane ne cikakke, ya san wanda zai bar wa ajiyar kuɗinsa ya dawo bayan wata uku ya tarar ba ta yi ciwon kai ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya, musamman matasa waɗanda aka haifa a nan. Ku daina cewa mu Hausawa ne masu yawa a ƙasa, ba abin da zai same mu. Yawan Kano ba ya kashe wutar da ta tashi a Dubeli da tsakar dare, maƙwabcinka shi zai fara kawo ruwa. In an yi rasuwa gidan Bachama ko Kilba ko Margi da ke layinku, ku je ta'aziyya. In 'yan siyasa sun zo da maganar ƙabila lokacin zaɓe, ku tuna su suna da inda za su kai iyalinsu, mu kuwa rumfunanmu a nan suke. Shugabannin kasuwa su sa ido a kan mudu da sikeli, don tauye awo ɗaya yana ɓata sunan al'umma guda. In rigima ta haɗa ɗanmu da ɗan wata ƙabila, a kai ta gaban mai unguwa tun tana ƙarama, kada a bari ta kwana. Iyaye kuma mu sa yara makaranta, ta allo da ta boko, mu san wanda ke yi musu wa'azi, don fitinar 1984 da ta 2014 duk da yaran da aka saki ba mai kula aka yi su.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana suka share mana wannan wuri. Allah Ya ja zamanin Lamiɗo, Ya zaunar da Adamawa da Nijeriya lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar maƙwabtaka. Amin summa amin.